Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Ƙaga wa Harsuna Asali, a Ƙaga wa Mutanen Dā Tarihi

A watan Janairun 2025 gwamnatin jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya ta sa ladan dala miliyan 1 ga duk wanda ya iya karanta rubutun mutanen kwarin kogin Indus. Mutanen nan sun gina birane irin su Harappa da Mohenjo-daro, a ƙasar da take Pakistan a yau, tsakanin shekara ta 2600 da 1900 kafin Miladiyya. Sun bar 'yan alamomi a jikin hatimai na dutse da tukwane, suka shuɗe. Tun 1924 aka sanar wa duniya gano biranen, amma har yau masana ba su haɗu a kan karatun ko layi ɗaya ba.

Me ya kai gwamnatin jiha zuba irin wannan kuɗi a kan rubutun da masu shi suka mutu shekara 4,000 da suka wuce? Siyasar yau ce. In ya tabbata harshen da ke jikin hatiman daga dangin Tamil yake, mutanen kudu za su ce kakanninsu ne suka fara raya ƙasar. In kuwa Sanskirit ne, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, masu kishin Hindu za su ce al'adarsu ba ta taɓa shigowa daga waje ba. Shi ya sa mutane da yawa suka riga suka yi shelar sun karanta rubutun, kuma kusan kowa harshen da ransa ke so ya tarar a ciki.

Irin wannan magana ta cika wayoyin mutane a ko'ina. Wani zai jero kalmomi goma ya ce harshensu ne uwar harsunan duniya. Wani ya ce ba 'yan Adam ne suka gina dalar Masar ba. Wani ya nuno tsohuwar taswirar Turai mai ɗauke da sunan Tartariya, wanda Turawan dā suke kiran tsakiya da arewacin Asiya da shi, ya ce wata gagarumar daula ce da aka goge daga tarihi. Abin da ke rikita mai sauraro shi ne an sha yin maganganu masu kama da tatsuniya, daga baya suka tabbata. To yaya ake bambancewa?

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Sake duba tarihi aikin yau da kullum ne na masana. A haƙo wani sabon abu, ko a samu takardar da ba a taɓa karantawa ba, sai a gyara abin da aka rubuta a baya. Ilimin da ba ya yin haka ya mutu.

Akwai kuma hasashen da masana ke gardama a kai. A shekarun 1960 wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Vladislav Illich-Svitych da Aharon Dolgopolsky, sun yi ƙoƙarin nuna cewa manyan dangogin harsunan Turai da Asiya da arewacin Afirka duk tsatsonsu ɗaya. Yawancin masana harshe ba su gamsu ba har gobe. Sai dai mutanen sun shimfiɗa hujjarsu a fili, kalma bayan kalma, ta yadda mai ja zai iya bi ya nuna inda suka kuskure. Kuskure ne ko daidai, cikin fagen ilimi ake yin sa.

Na ukun shi ne tarihin ƙage, kuma a kansa wannan sharhi yake. Mai shi yakan fara da amsa, sannan ya fita neman hujja. Abin da ya dace da ra'ayinsa ya ɗauka, wanda ya saɓa ya ce makirci ne aka ƙulla don a ɓoye gaskiya. Babbar alamarsa ita ce babu wani abu da za a nuna masa ya ce ya sauka.

## Gado, aro, arashi

Idan kalmomi biyu a harsuna biyu suka yi kama, ɗaya daga cikin abu uku ne ya faru. Ko dai harsunan sun gaji kalmar daga kaka ɗaya, ko ɗaya ya ara daga ɗaya, ko kuma arashi aka yi kawai. Duk aikin masana harshe a wannan fanni shi ne tantance ukun nan, kuma duk ɓarnar masu ƙage daga haɗa su wuri ɗaya take tasowa.

Aro shi ya fi sauƙin ganewa. Alƙalami daga Larabci Hausa ta aro shi, Larabci kuma daga kalmar Girkanci kalamos, wadda ke nufin kara. Wannan ya nuna an yi cuɗanya ta karatu da fatauci, amma bai mai da Hausa 'yar Girkanci ba.

Gado ya fi wuyar tabbatarwa. A 1786 wani alƙalin Ingila a Kalkata, William Jones, ya ce kamar da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin, har cikin nahawunsu, ta wuce a ce arashi ne. Amma abin da ya mai da zancen ilimi shi ne aikin Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822. Sun lura cewa sauti ba ya canzawa barkatai. Inda Latin ke da p a farkon kalma, Ingilishi yana da f: pater da father, uba ke nan, piscis da fish, kifi, pedem da foot, ƙafa. Inda Latin ke da t, Ingilishi yana da th, kamar tres da three. Ƙa'idar tana maimaituwa a kalmomi da yawa, har mutum zai iya cewa tun kafin ya buɗe ƙamus ga yadda kalma kaza za ta kasance, ya buɗe ya tarar haka. Hujjar ita ce wannan maimaituwar.

Saboda haka kalmomin da suka fito ciki ɗaya sau da yawa ba sa kama ko kaɗan. Biyu a Armeniyanci erku ne, a Latin duo. Ba kunnen da zai ji dangantaka. Amma masanin Faransa Antoine Meillet ya nuna cewa inda tsohon harshen da suka gada yake da dw a farko, Armeniyanci yana mai da shi erk, kuma haka ya faru a kalmominsu na tsawo da na tsoro. A gefe guda, mummuna a Farisanci bad ne, a Ingilishi ma bad, lafazi ɗaya ma'ana ɗaya, amma da aka bi tsofaffin rubuce-rubucen kowannensu sai aka ga hanyoyinsu ba su taɓa gamuwa ba. Wani masani, R. M. W. Dixon, da yake rubuta harshen Mbabaram na arewacin Ostireliya ya tambayi yadda ake cewa kare, aka ce masa dog. Ya ɗauka Ingilishi ne ya shige musu. Da ya duba harsunan maƙwabta ya tarar suna cewa gudaga da guda, kuma ƙa'idojin canjin sauti na Mbabaram su suka gutsure kalmar ta koma haka. Hannu na Hausa da hand na Ingilishi ma irin wannan arashin ne.

Hausa tana da dangi na gaske, kuma da wannan hanya aka gano su. Tana cikin reshen Cadi na babban dangin da ake kira Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da Amharik da harsunan Buzaye da Somaliyanci da tsohon Misiranci. Hujjar tana cikin ƙashin bayan harshe, wurin da ba a cika aro ba: ka da ki na gidanka da gidanki suna nan a baituka da baituki na Larabci, t mai nuna mace ta ratsa dangin, mutu yana da 'yan'uwa a māta na Larabci da mwt na Misiranci, huɗu, wanda wasu ke cewa fuɗu, ya dace da fdw na Misiranci. Sai dai a kula da abin da wannan ke nufi. Ba ya nufin Hausa daga Larabci ta fito, ko daga Misiranci. Yana nufin dukkansu jikoki ne na wani harshe da aka daina yi dubban shekaru kafin a ƙago rubutu.

## Me ya sa arashi ya yi yawa haka?

Lissafi ne mai sauƙi, kuma shi ne abin da masu jero kalmomi ba sa faɗa wa mai kallo. A ɗauka mutum ya ce zai kwatanta baƙaƙe biyu na farkon kalma, ya yi watsi da wasula. Ya kuma yarda b da p da f ɗaya ne, t da d ɗaya, k da g ɗaya, s da z da sh ɗaya. Da haka baƙaƙen harshe sun dunƙule sun koma kamar rukuni 8. Rukuni 8 a gurbi biyu ya ba da yanayi 64 kacal. Ke nan a cikin kalmomi 1,000 na kowane harsuna biyu na duniya, kimanin 15 za su yi kama ba tare da wata alaƙa ba. In ya sassauta ma'ana, ya ce ruwa zai iya zama kogi ko teku ko hawaye ko sha, adadin ya haura 70. Duniya kuma tana da harsuna kusan 7,000. Wanda ya zauna da ƙamus biyu na yini ɗaya zai cika shafuka da "hujja" tsakanin kowane harshe da kowane harshe.

Wannan ne ya sa harshen Sumer na tsohon Iraƙi, wanda ba a san masa dangi ba, aka sha jan sa ta kowace fuska: an ce Turkanci ne, an ce harshen Hungari ne, an ce Tamil ne, kowa da jerin kalmominsa. Hanyar da ke tabbatar da amsoshi uku masu karo da juna ba ta tabbatar da ko ɗaya ba.

## Tsohon ciwo ne

Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ɗabi'a ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Herodotus na Girka ya ba da labarin wani Fir'auna, Psamtik, da ya sa aka raini jarirai biyu ba tare da an yi musu magana ba, don a ji harshen da zai fara fita daga bakinsu. A 1569 wani likita a Antwerp, Goropius Becanus, ya rubuta cewa karin harshen garinsu shi Annabi Adamu ya yi a Aljanna. A 1679 wani babban malamin jami'ar Uppsala, Olof Rudbeck, ya fara fitar da littattafan da ke cewa ƙasarsu Suwidin ita ce Atlantis, tsibirin almarar Girkawa da aka ce teku ya haɗiye. Ba jahilai ba ne. Son gida ne ya rinjayi ilimi. Gardamar asalin harshe ta yi yawa har ƙungiyar masana harshe ta Paris ta rubuta a dokokinta na 1866 cewa ba za ta karɓi takarda a kan batun ba.

Abin ya fi muni idan hukuma ta sa hannu. A Turkiyya ta shekarun 1930, lokacin da Mustafa Kemal Atatürk ke gina sabuwar ƙasa a kan kufan daular Usmaniyya, aka fito da ra'ayin da ake kira na Harshen Rana. Ra'ayin ya ce magana ta faro ne daga sautin da mutanen farko suka yi suna kallon rana, kuma Turkanci ne ya fi kusa da wannan asali. An gabatar da shi a babban taron harshe na 1936, aka koyar da shi a jami'a a Ankara. Bayan rasuwar Atatürk a 1938 sai aka bar shi ya mutu shiru.

A Tarayyar Sobiyet kuwa Nikolai Marr ya ce duk kalmomin duniya daga gaɓoɓi huɗu suka fito: sal, ber, yon, rosh. Ya haɗa zancen da aƙidar Markisanci, ya zama ra'ayin hukuma, kuma ya ci gaba da mulkin jami'o'i bayan mutuwarsa a 1934. Yevgeny Polivanov, masanin da ya fito fili ya soke shi a 1929, ya rasa matsayinsa a Mosko ya koma tsakiyar Asiya, daga baya aka harbe shi a 1938 bisa zargin leƙen asiri. Ba hujjar masana ce ta kawar da ra'ayin Marr ba. Stalin ne da kansa ya rubuta maƙala a jaridar Pravda a watan Yunin 1950 ya yi watsi da shi, washegari kowa ya juya.

## Masu goge shekaru da masu ƙwace gini

Daga harshe abin yakan tsallaka zuwa kalanda. A 1991 wani Bajamushe, Heribert Illig, ya ce shekaru 297, daga 614 zuwa 911 Miladiyya, ba a taɓa yin su ba. Wai sarki Otto na III da Paparoma Sylvester na II ne suka ƙara su don mulkinsu ya faɗo a shekara ta 1000. Ana gane raunin zancen da zarar an ɗaga kai daga Turai. Hijira a 622 aka yi ta. An gina Bagadaza a 762. Imam Malik ya rasu a 795, Imam Bukhari a 870. Akwai dinaren zinari na Halifa Abdulmalik ɗan Marwan masu ɗauke da shekara ta 77 bayan Hijira a jikinsu, suna nan a gidajen tarihi. Daular Tang ta Sin ta yi mulki daga 618 zuwa 907, kuma masu duban taurarinta sun rubuta wucewar tauraro mai wutsiya na Halley a 837, daidai lokacin da lissafin falaki na yau ya nuna. Ga kuma layukan cikin gungumen itace, da kowace shekara ke ƙara ɗaya, waɗanda aka jera a Turai ba yankewa har fiye da shekara 10,000 baya. Kafin zancen Illig ya tsaya, sai an ce duk waɗannan mutane da ba su san juna ba sun haɗa baki, har da itatuwa. Anatoly Fomenko, masanin lissafi a jami'ar Mosko, ya wuce nan: a wurinsa yawancin tarihin dā kwafi ne na abubuwan da suka faru daga baya, kuma ya sa haihuwar Annabi Isa (AS) a 1152. Hujjojin da suka rushe Illig su ne suka rushe shi.

Wani salon shi ne a bar ginin a inda yake, a canza masu shi. A kudancin Afirka akwai kufan Babbar Zimbabuwe, mai katangar dutse da aka jera ba siminti ba laka, tsayinta ya kai mita 11 a wasu wurare. Karl Mauch da ya isa wurin a 1871 ya danganta shi da Sarauniyar Saba. Theodore Bent a 1891 ya ce baƙi ne daga gabas, irin Finisiyawa ko Larabawa. Richard Hall, wanda aka naɗa mai kula da wurin a 1902, ya kwashe ƙasar da ke ɗauke da kayan mazauna wurin ya zubar, yana neman abin da ke ƙarƙashi na baƙin da ya yi imani da su. Masu haƙo kayan tarihi na gaske, David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929, sun duba tukwane da shimfiɗun ƙasa suka ce 'yan Afirka ne suka gina shi. Awon sinadarin kabon daga baya ya sa shi tsakanin ƙarni na 11 da na 15, aikin kakannin ƙabilar Shona ta Zimbabuwe. Duk da haka gwamnatin farar fata ta Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, ta matsa wa masu faɗin haka, har Peter Garlake, jami'in da ke kula da kayan tarihi, ya bar ƙasar a 1970. A 1910 ma Leo Frobenius da ya ga kawunan tagulla da na yumɓu a Ife ya ce ragowar Atlantis ne.

Zancen halittun wata duniya da dalar Masar jikan wannan tunani ne, ko da masu yaɗa shi a yau ba su nufi haka ba. An haƙo unguwar ma'aikatan Giza da gidajen gashin burodinsu da kaburburansu. A 2013 tawagar Pierre Tallet ta samu tsofaffin takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, ciki har da littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. Ya rubuta, rana bayan rana, yadda shi da mutanensa suke loda farin dutse a jirgin ruwa daga Tura su kai Giza a zamanin Fir'auna Khufu, har da inda suka kwana.

## Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Masu bin irin waɗannan ra'ayoyi suna da ƙorafi, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Suna cewa jami'o'i suna tsare ƙofa, suna raina wanda ba nasu ba. Suna cewa masanan da ake cewa a amince da su ai su ne suka yi ƙarni suna ƙarya a kan Afirka da Asiya. Labarin Zimbabuwe ya isa shaida. A 1930 Charles Seligman, farfesa a Landan, ya buga littafin da ke cewa duk wata wayewa a Afirka baƙi ne da ya kira Hamawa suka kawo ta, kuma an daɗe ana koyar da shi.

Cheikh Anta Diop na Senegal martani ya yi wa wannan. Ya dage cewa Masar ta dā ƙasar Afirka ce kuma dole a karanta ta a haka, ya kare ra'ayinsa shi da Théophile Obenga a taron UNESCO na Alƙahira a 1974. Ya tilasta wa fannin duba kansa, kuma yau yawancin masana sun yarda cewa tushen wayewar Masar yana kwarin Nilu da Sahara. Amma ɓangaren aikinsa da ya haɗa harshen Wolof na Senegal da Misiranci bai samu karɓuwa wurin masana harshe ba, don ya rasa irin maimaituwar sautin da aka bayyana a sama. Mutum ɗaya zai iya yin daidai a babbar magana ya kuskure a hujjar da ya kawo. Joseph Greenberg ma haka: rabon da ya yi wa harsunan Afirka a 1963 shi ya binne zancen Hamawa a fannin harshe, amma da ya dunƙule yawancin harsunan nahiyar Amurka wuri ɗaya a 1987, ƙwararrun yankin suka ƙi.

Gaskiya ne kuma bare yakan yi nasara. Michael Ventris mai zanen gine-gine ne, ba farfesa ba. Ya shiga nazarin wani tsohon rubutu na tsibirin Kirit yana zaton harshen Etruska na tsohuwar Italiya zai tarar. Da alamomin suka fara ba shi Girkanci, saɓanin zatonsa da na manyan fannin, sai ya bi su, ya sanar a 1952. A 1953 Carl Blegen ya gwada karatun a kan wani allon yumɓu da ya haƙo a Pylos da ke Girka, wanda Ventris bai taɓa gani ba. Alamomin suka ba da ti-ri-po, wato mai ƙafa uku, ga kuma zanen tukunya mai ƙafa uku a gefensu. Ba a tambayi Ventris takardar digiri ba bayan wannan.

Haka zancen cewa harshen Madagaska, tsibirin da ke kilomita 400 daga gaɓar Afirka, danginsa na kusa suna Borneo, dubban kilomitoci a hayin teku. Yana kama da tatsuniya, amma Otto Dahl ya kafa shi a 1951, kuma ƙa'idar tana bayyana ko an kwatanta da Malayanci: vato da batu, dutse, volana da bulan, wata, volo da bulu, gashi. A waɗannan kalmomi, inda harshen Madagaska ke da v, Malayanci yana da b. Mutuwa a harsunan biyu maty ne da mati, gado na gaske a tsakaninsu. Kalmar ta yi kama da mutu na Hausa, amma wannan karon arashi ne, domin babu wata ƙa'ida da ke bin bayanta.

Abin da ya raba Ventris da Dahl da su Marr shi ne sun ba da abin da za a iya gwadawa a kan sabon abu, kuma da ya faɗi da sun faɗi tare da shi.

## Inda abin ke taɓa talaka

Za a iya cewa wannan gardamar malamai ce. Ruwanda ta nuna akasin haka. Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, Kinyarwanda. Turawa tun daga John Speke a shekarun 1860 suka yaɗa cewa masu sarautar yankin, irin su Tutsi, baƙi ne daga Habasha, 'yan mulkin mallakar Beljiyam suka koyar da haka a makarantu, suka rubuta ƙabila a katin shaida a shekarun 1930. A watan Nuwamban 1992 wani ɗan siyasa, Léon Mugesera, ya yi jawabi yana cewa za a mai da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 aka kashe mutum kimanin 800,000 cikin kwana 100, aka jefa gawawwaki da yawa a koguna. Ba tarihin ƙage kaɗai ya jawo kisan ba, amma shi ya ba makasa kalmar baƙo. Kalmar Ariya ma daga nazarin harshe ta fito, suna ne da mutanen Indiya da Iran na dā suke kiran kansu. Max Müller ya yi gargaɗi a 1888 cewa dangin harshe daban, jini daban. Ba a ji ba, har 'yan Nazi suka kafa cibiya a 1935 don ƙaga wa "jinsin Ariya" tarihi.

A yau illar ta fi fitowa a kotu da aji da aljihu. P. N. Oak na Indiya ya yi ta rubuta cewa Taj Mahal, kabarin da Shah Jahan ya fara ginawa a 1632, tsohon wurin bautar Hindu ne mai suna Tejo Mahalaya, da irin wasan kalmomin da ya sa ya ce Vatican daga vatika na Sanskirit ne. Kotun ƙolin Indiya ta kori ƙararsa a 2000, amma a 2022 sai da babbar kotun Allahabad ta sake korar wata ƙara mai neman a buɗe ɗakunan ginin a nemi gumaka. Ga Musulmin Indiya irin wannan zance ya shafi ko za a ɗauke su 'yan ƙasa ko baƙi. A Bosniya kuwa, tun 2005 ake sayar wa masu yawon buɗe ido wani tsauni a Visoko a matsayin dala mafi tsufa, duk da masana duwatsu sun ce tsauni ne na halitta, kuma masu haƙo kayan tarihi na Turai sun yi gargaɗin cewa haƙe-haƙen na barazana ga kufai na gaske da ke wurin. Ɗalibin da ya haddace irin wannan kafin ya san yadda ake tantancewa, shi zai fi shan wahalar warware shi.

Rubutun Indus kansa ya taɓa shiga irin wannan. A 2000 wasu marubuta biyu suka ce sun karanta shi da Sanskirit, suka buga hoton hatimi mai doki, domin tsofaffin waƙoƙin Sanskirit cike suke da dawaki alhali hatiman Indus ba su nuna doki ba. Michael Witzel na jami'ar Harvard da Steve Farmer suka nemo asalin hoton, suka nuna fasasshen hatimi ne na bijimi mai ƙaho ɗaya da aka jirkita.

Matsalar rubutun ta gaske ita ce gajarta. Yawancin rubuce-rubucen alama biyar ne ko kusa da haka, kuma ba a samu wani da aka rubuta da harsuna biyu ba, irin Dutsen Rosetta da ya buɗe wa masanin Faransa Champollion Misiranci a 1822. Asko Parpola na Finlan ya shafe shekaru yana kafa hujjar cewa dangin Tamil ne, cikin taka-tsantsan; wasu masana kuma na ganin alamomin ba ma rubutun harshe ba ne. Abin da zai raba gardamar mai yiwuwa yana ƙarƙashin ƙasa a Iraƙi, domin an samu hatiman Indus a biranen can, shaidar fatauci. A gidan tarihi na Louvre da ke Paris akwai wani hatimi na zamanin daular Akkad ta tsohon Iraƙi, na wani mutum mai suna Shu-ilishu, an rubuta sana'arsa a jiki: tafintan harshen Meluhha, sunan da yawancin masana ke ganin mutanen Iraƙi na dā suke kiran ƙasar Indus da shi.